Niƙa a Gaban Maryama

Tun ranar da Allah ya dawo da ni Boɗinga lafiya, ban taɓa zama a majalisarmu ta bayan La'asar ba face wani ya jawo zancen ƙasar Meksiko. Malam Ummaru Tela yana son sanin irin ɗinkin mutanen can. Alhaji Shehu mai albasa yana son in tabbatar masa cewa albasarsu ba ta kai tamu ba. Sauran kuwa tambayarsu guda ce, wato me na ci har na yi mako uku ban rame ba. Na amsa wa kowa gwargwadon hali, amma amsar baki gutsattsari ce, yau a ji kai, gobe a ji wutsiya. Saboda haka na ga ya kamata in zauna in tsara labarin tun daga farkonsa, musamman da yake akwai wani sashe nasa da nauyin baki ya hana ni faɗa a gaban jama'a, wanda alƙalami zai ɗauka ba tare da jin kunya ba.

Ga wanda bai san ni ba, na yi shekara talatin da biyar ina aikin malamin gona, tun ina ƙaramin ma'aikaci mai keke har na kai kujerar da ake miƙe mini tsaye idan na shiga ofis. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, mutane kuwa suna ce masa Dakta, ya gaji son ƙasa daga gare ni. Karatun masara ya kai shi Meksiko, aiki ya riƙe shi, ya auri 'yar ƙasar mai suna Lusiya, Allah ya ba su 'ya aka sa mata Maryama. Shekararta shida ban taɓa ganinta ba sai a fuskar waya, ta ɗaga hannu ta ruga. Ni kuwa na ba saba'in baya, kuma likita ya riga ya yi mini magana a kan zuciyata da irin lafazin da mai hankali yake ganewa. Na san tafiya ɗaya gare ni, babu ta biyu. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan. Ina so yarinyar nan ta san kakanta da idonta, ta zauna kusa da shi ko sau ɗaya, kafin ya zama hoto a jikin bango.

Ana saura kwana biyu in tashi na je Shagari yin sallama da yayata, Hajiya Kulu, wadda ita kaɗai ta rage a duniya mai kirana da sunan da uwata take kirana. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Ta riga ta ɗaure mini ƙunshi huɗu, kilishi da daddawa da garin kuka, da irin albasa a ƙullin tsumma, wai a shuka a can domin jikanyarmu ta san ɗanɗanon gida.

Ta ce, "Garba, ashe da gaske na, za ka tahi inda darenmu ka zama ranarsu?"

Na ce, "Da gaske ne, Yaya."

"To ka ji ni. Kak ka tahi kana ɗaure huska kamar ka zo duba gonar gwamnati. Na san halinka. Jika da wasa aka kama shi, ba da wa'azi ba."

Na ɗauki maganar nan da muhimmanci, na yi ta juya ta a raina a kan hanyar komawa Boɗinga, har na shirya kalmomin da zan tarbi yarinyar da su. Da ban shirya ba da ya fi.

Jirgin farko na hau shi a filin nan da muke jin rugugin tashinsa daga gidajenmu, ya sauke ni Abuja, na biyu ya kai ni birnin Santambul. A can wata ma'aikaciya ta turo mini kujera mai taya, domin Dakta ya rubuta musu cewa dattijo ne zai zo. Na gode mata da Turancin da aka koya mana a zamanin da ake bugun yatsa kan kuskure, na ce ƙafafuna sun taka gonakin Kajiji da Danchadi da damina, ba za su gaza a kan daɓen siminti ba. Ta yi murmushi ta biyo ni a baya da kujerarta. Filin jirgin nan gari ne guda. Na yi tafiya har na daina ganin lambobin ƙofofi, numfashina ya soma fita da sauti, sai na tsaya kamar ina duban wani shago. Ita ma ta tsaya. Na zauna ta tura ni.

Jirgi na uku shi ne wanda har yau ban tabbatar ko a farke na yi shi ba. Mun yi ta bin rana tana gudu a gabanmu, ta ƙi faɗuwa, agogona yana faɗin abu guda, taga tana faɗin wani. Ƙarƙashinmu babu kome sai ruwa, bisa ruwan kuma gajimare shimfiɗe kamar audugar da aka baza a kasuwa ba mai saye. Na yi salloli a zaune bisa kirdado, ina roƙon Allah ya karɓa. Maƙwabcina wani tsoho ne ɗan ƙasar, mai farin gashin baki. Ya miƙo mini alewa, na sa a baki, sai na ji zaƙi da tsami da yajin barkono gaba ɗaya. Ya ga idona ya kawo ruwa, ya yi ta dariya yana dafa kafaɗata. A nan na fara fahimtar cewa mutanen da zan je wurinsu ba su yarda akwai abin da barkono bai dace da shi ba.

A wurin binciken kaya aka sako mini kare. Ƙaramin kare ne mai dogayen kunnuwa, sanye da riga irin ta ma'aikata, ya zo ya zauna daidai gefen jakata kamar wanda aka aiko. Na tattare babbar rigata na ja da baya, ina tunanin alwala. Jami'in da ke riƙe da shi mutum ne mai ladabi. Ya buɗe jakar, ya ɗauke kilishi yana ba ni haƙuri. Ya kwance ƙullin irin albasa, ya dube ni, na dube shi, ban yi gardama ba, domin da ni ne a matsayinsa abin da zan yi ke nan, na san irin cutar da ƙwayar iri take ɗauka daga ƙasa zuwa ƙasa. Da ya zo kan daddawa sai ya sunsuna, ya rufe ido na ɗan lokaci, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna. Na yi musu bayanin ɗorawa da kalwa da yadda ake dafawa a rufe ta kwana, suna gyaɗa kai, sannan suka sa safar hannu suka ɗauke ta. Kuka kaɗai ta tsira, ina jin sun ɗauka ganyen shayi ne.

Ina fitowa na hango su. Dakta ya zo ya durƙusa a gabana, ni kuwa na kau da kai na amsa gaisuwarsa ina duban wani wuri, kamar yadda alkunyar ɗan fari ta hukunta. Na lura matarsa da uwarta, wata dattijuwa gajera mai kitson jela biyu da ake kira Donya Karmen, sun dubi juna. A wurinsu uba da ɗa rungumar juna suke yi har da kuka. Sai aka turo mini Maryama. Farar riga aka sa mata mai surfanin furanni a wuya, tana riƙe da takarda da hannu biyu. Ta zana wani dogon mutum mai hula, a ƙarƙashinsa ta rubuta da harufa masu karkata, Sannu da zuwa Kaka. Daga baya na ji mako guda ta yi tana koyon furta kalmomin nan.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin kaka da jika. Kaka yakan kushe jikarsa, ya ce mummuna ce, raguwa ce, ita kuwa ta rama da abin da ya fi, kuma duk wanda ke wurin ya san ƙauna ce ke magana. Jikan da ba ya tsokanar kakansa baƙo ne a gidan. Saboda haka na gyara tsayuwa, na dube ta sama da ƙasa, na ce, "To, wannan ce aka sa na ƙetare teku domin ta? An cuce ni. Ga ƙaton kai, ga hanci kamar an taka. Ku mayar da ita, a kawo mini wata."

Dakta ya yi dariya, domin ya tuna kakarsa. Yarinyar ta ja hannunsa tana tambayar abin da na ce. Shi kuwa, mutumin da ya saba auna abu ya rubuta shi yadda yake, ya juya mata maganar cikin harshensu bai rage ko harafi ba.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi takardarta, ta naɗe ta biyu, ta koma bayan kakarta ta wajen uwa ta ɓoye fuska a zanenta. Har muka yi tafiyar sa'a biyu a mota zuwa garinsu ban ƙara ganin idonta ba.

Masaukina gidan Donya Karmen ne, inda dukansu suke zaune. Da na shiga sai na ga kamar wani ya ɗauko gidan Sakkwato ya shafa masa shuɗi da ruwan ɗorawa, ga ɗakuna kewaye da tsakar gida, ga kaji, ga igiyar shanya. A tsakiya akwai wata itaciya da ban san irinta ba, mai zubar da furanni masu launin makuba dare da rana. Garin a kan tudu yake ƙwarai, iskarsa ba ta cika ƙirji, kuma daga ƙofar ɗakina ana hango wani dutse mai farin rawani na ƙanƙara wanda wani lokaci yake nan, wani lokaci gajimare ya ɗauke shi. Kwanakin farko na yi su tsakanin barci da farke. Jikina yana Meksiko, cikina da idona suna bin agogon Boɗinga.

Abincinsu masara ce, safe da rana da maraice. Sukan dafa ta da ɗan farar ƙasa, su niƙa, su yi wata waina mai faɗin tafin hannu, marar kauri, marar mai, su gasa a kan faffaɗan kasko na yumɓu. Ita ce tuwonsu, ita ce cokalinsu. Akwai wake, akwai wani ganye mai ƙaya irin wanda mu shinge muke yi da shi, su kuwa su kankare ƙayar su ci. Nama Dakta yake yankawa da hannunsa, kuma dattijuwar ta ware tukwane domina tun kafin in zo, Allah ya saka mata. Amma abin da ba a zama cin abinci sai da shi wani haɗi ne na tumatir da barkono da suke kira salsa. Ranar farko na ɗauka miya ce da aka manta ba a soya ba, har na ba da shawara, ta bakin Dakta, cewa a sa mata mai a mayar da ita wuta. Donya Karmen ta dube ni irin duban da zan yi wa wanda ya ce in shuka gero da rani a kan tudu.

Maryama kuwa ta yanke ni. Idan na fito tsakar gida ta shiga ɗaki. Idan aka zauna cin abinci ta ɗauki kwanonta ta tafi madafi. Ubanta ya yi mata bayanin al'adarmu, uwarta ta ƙara, amma amsar da ta bayar ta fi ƙarfinsu. Ta ce in wasa ne, me ya sa bai yi dariya ba? Gaskiyarta. Mu wasanmu da ɗaurarriyar fuska ake yinsa, nan daɗinsa yake, amma wa zai gaya wa 'yar shekara shida haka? Na fito da atamfa da awarwaro da Hajiyata, uwargidana, ta aiko mata, aka kai mata, da safe na same su a jere a bakin ƙofata. Lusiya ta ba da shawara cikin ladabi cewa in ce mata ta yi haƙuri. Na ƙi. Ban taɓa jin inda kaka ya roƙi jika gafara a kan wasa ba, kuma na ga in na yi haka na amsa cewa zagin na gaske ne. Kwana goma suka wuce a haka. Kowace safiya nakan ƙirga abin da ya rage, in ji kamar ana zare mini zare daga ƙirji.

Rana ta goma sha ɗaya, da hantsi ya yi nisa, ina kishingiɗe ƙarƙashin itaciyar nan furanni suna sauka a kan rigata, sai na ji wani sauti. Dutse ne yake gogar dutse, a hankali, yana tafiya yana dawowa. Na san na sha jinsa a kwanakin baya, amma ran nan ya shiga ta wata ƙofa. Na ga kaina a ƙauyenmu Horo Birni ina ɗan shekara biyar, kwance a kan tabarma, uwata durƙushe a gaban dutsen niƙa, kafaɗunta suna kai da kawo, tana wani ɗan amo a maƙoshi wanda bai kai waƙa ba. Na ji ƙamshin gero. Na ji har sanyin ƙasar ɗakin a bayana. Shekara sittin da wani abu ban tuna wannan ba. Da na buɗe ido sautin yana nan, sai na tashi na bi shi.

Na tsaya a bakin madafi, wurin da ban shiga irinsa ba tun da aka yi mini kaciya. Donya Karmen tana zaune a gaban wani ɗan turmi na baƙin dutse mai ƙafa uku, mai kaushi kamar dutsen goge kaushin ƙafa. A kan kaskon yumɓu ga tumatir ɗungum ba a yanka ba, ga koren barkono, ga tafarnuwa da ɓawonta, ga rabin albasa, duk suna gasuwa ba mai ba ruwa, har fatarsu ta yi baƙi-baƙi tana tsagewa. Ta fara sa gishiri da tafarnuwa ta murje. Ta sa barkono ta murje. Sannan tumatir ɗaya bayan ɗaya, tana dannawa tana juya hannu, ba ta bari ya yi laushi sarai. Maryama tana gefe a kan ɗan benci tana tsinke wani ganye mai ƙamshi, ta zuba, ta matsa lemun tsami. Da aka gama sai dattijuwar ta yago waina ta dangwala ta miƙa mata. Yarinyar ta tauna tana duban rufin ɗaki, ta ɗaga yatsa ɗaya, aka ƙara gishiri. Ashe a gidan nan ba a kai salsa gaban kowa sai ta yarda.

Dattijuwar ta gan ni. Ta ɗago ɗan dutsen murzawa ta miƙo mini, rabi wasa rabi gaske. Na sa hannuna a baya na koma inda na fito.

Bayan Azahar na kira Hajiyata a waya na ba ta labari, ina jiran ta ce na yi daidai. Sai ta ce, "Alhaji, kwana nawa ya rage maka?"

Na ce goma.

"To, Boɗinga na da nisa. Wa za ya hwaɗi?"

Washegari na sa farar rigata ta shadda, domin in za a yi abu a yi shi da mutunci, na yi sallama a bakin madafi na shiga. Maryama ta zame ta koma bayan ƙofa. Aka ba ni kujera, aka ajiye turmin a gabana, aka sa mini tumatir guda mai zafi. Ni abin da na sani game da turmi shi ne daka, na ga mata suna yi tun ina yaro. Na ɗaga dutsen sama na sauke shi da ƙarfi. Tumatirin ya fashe, ya yi tsalle, ya sauka a ƙirjina da gemuna, har da gilashin idona. Na zauna ban motsa ba, jan ruwa yana gangarowa a kan aikin allurar da Malam Ummaru ya yi wata guda yana yi. Daga bayan ƙofa na ji wani ɗan sauti kamar an toshe baki da hannu. Ban waiga ba. Na cire gilashi na goge, na miƙa hannu a ba ni wani tumatirin.

Haka na zama ɗalibi. Kullum da hantsi ina madafi, an ɗaura mini wani ƙyalle a gaba irin na masu tuya. Kurakuraina suna da yawa. Rana ta biyu na zauna ina ɓare baƙar fatar tumatir da farce, domin a wurinmu abin da ya ƙone zubarwa ake yi. Sai na ga ɗan hannu ya shigo ya kwashe ɓawon daga gefen faranti ya mayar cikin turmi, ya fita. A cikin ƙunar nan ashe ɗanɗanon hayaƙi yake. Rana ta huɗu na murje shi ya yi laushi kamar kunu, Maryama ta dubi kakarta ta yi wata doguwar magana tana nuna ni da haɓa. Rana ta shida ta kama wuyan hannuna da hannayenta biyu ta juya shi, sau ɗaya, ta saki kamar ta taɓa wuta. Ba ta yi mini magana ba, kuma ba ta ɗanɗana nawa ba. Kullum akan yi biyu, na kakarta a kai wa mutane, nawa a juye a wani ƙaramin kwano, Dakta ya cinye shi shi kaɗai cikin biyayya, yana share gumi.

Amma ni a cikin kwanakin nan wani abu ya sauka daga kafaɗata. Akwai natsuwa a cikin aikin. Hannu yana juyawa, ƙamshin tafarnuwa gasasshiya yana tashi, hasken rana yana shigowa ta taga ya kwanta a kan hayaƙi, dattijuwa tana magana da harshenta ina amsa mata da nawa, ba wanda ya ji wani kuma ba wanda ya damu. Nakan manta ƙasar da nake. Wani lokaci nakan ga kamar in na ɗaga kai uwata zan gani a bakin ƙofa tana mamakin abin da ya sami ɗanta.

Ranar ƙarshe jakata tana ɗaure a tsakar gida, mota za ta zo bayan Azahar. Na shiga madafi kamar kullum. Donya Karmen ta gasa kayan, ta tura mini turmi, sannan ta naɗe hannu ta zauna. Ran nan ɗaya za a yi. Na sa gishiri da tafarnuwa, na sa barkono, na bi tumatir ɗaya bayan ɗaya da ɓawonsu, ina dannawa ina juyawa. Maryama ta zuba ganyenta ta matsa lemo ba ta dube ni ba. Dattijuwar ta yago waina, amma maimakon ta dangwala sai ta ba ni. Na dangwala na miƙa.

Ta daɗe tana duban wainar. Sannan ta karɓa. Ta tauna tana duban rufin ɗaki, ta haɗiye, ta gyara tsayuwa, ta sa hannu a ƙugu, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi magana mai tsawo da fuska a ɗaure. Lusiya da ke bakin ƙofa ta kama baki. Aka kira Dakta.

Ya saurari maimaicin, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ta ce ka yi ƙoƙari."

Ban tuna rabon da in dubi yaron nan ido cikin ido ba. Ran nan na dube shi. Na ce, "Maganar ta fi haka tsawo. Ranar da na zo ba ka rage mata kome ba, ni ma kada ka rage mini."

Ya yi gyaran murya. "Ta ce gishiri ya yi yawa. Ta ce hannunka ba shi da ƙarfi, kaza ta fi ka iya murza. Ta ce kunnuwanka sun yi girma, kuma gemunka kamar na bunsurun maƙwabta." Ya tsaya.

Na ce, "Saura."

"Ta ce wannan kakan bai iya kome ba, kuma a kwance jakarsa, ba inda za shi sai ya koya."

Na ɗaure fuska iyakar ƙarfina. Na ce a gaya mata mai ƙaton kai ba ta isa ta hana ni tafiya ba. Aka gaya mata. Ta murguɗa baki, ta yago wata wainar, ta matso ta jingina da gwiwata domin ta kai ga turmin, ta kwashi salsar da ta ce gishiri ya yi mata yawa. Ba ta tashi daga nan ba har mota ta zo. Ni ma ban motsa ƙafar ba, ko da ta yi sanyi ta mutu.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Donya Karmen ta ba ni wani ƙaramin turmi na ƙanwarta da ta rasu, nauyinsa ya sa na bar takalma biyu da littattafai uku a can, kuma a Santambul ni da kaina na nemi kujera mai taya. Da na kai wa Hajiya Kulu ɗanɗano a Shagari, wanda na yi da tumatirin fadamar Danchadi da tarugu, ta taɓa da yatsa ta ce, "Wanga ai datu na da anka mance ba a sa zogale ba. Don shi kat tahi bangon duniya?" Amma ta riƙe kwanon.

Alhaji Shehu, albasarsu fara ce, tana da girma, ba ta kai tamu yaji ba, ka kwantar da hankalinka. Malam Ummaru, rigar ba ta wanku ba, sai ka yi mini wata. Allah ya sa mu gama lafiya, ya raya mana abin da muka bari a baya. Idan kuma kuka ga ranar Asabar ban fito majalisa ba, kada a aika a duba ko jiki ne. La'asar ɗinmu ita ce safiyarsu. Ina ciki durƙushe a gaban turmi, an jingina waya da tulu, ana zagina daga bayan teku.